Ranar da Na Tara wa Baba Likitoci

Saura wata guda in zauna jarrabawar ƙarshe ta zama babban likitan sa barci, Baba ya zo Birnin Kebbi, na yi masa abin da har yau in na tuna sai in ji zufa ta karyo mini.

Aikinmu, ga wanda bai sani ba, shi ne mu sa mutum barci ko mu kashe masa rabin jiki kafin a yi masa tiyata, mu tsare numfashinsa da bugun zuciyarsa har a gama, sannan mu tashe shi. A gida Argungu ba wanda ya ɗauki wannan aikin likita. Wani kawuna kullum ya gan ni sai ya ce, “Duk shekarun ga kana karatu don ka sa mutum kwana? Ai tuwon shinkafa ma na yin haka.” Ina dariya, amma abin yana cina a rai, kuma shi ya sa na ƙwallafa raina a kan takardar nan fiye da kima.

Na riga na taɓa faɗuwa sau ɗaya. Na ci ta rubutu, na zo ta baka, inda ake ba ka marar lafiyar da ba ka taɓa gani ba, ka duba shi cikin ’yan mintoci, sannan ka tsaya gaban manyan malamai ka yi bayani da Turanci: me ka gano, kuma ta wace hanya za ka sa shi barci ba tare da ka kashe shi ba. Marar lafiyar da aka ba ni akwai wata ƙara a zuciyarta, kunnena bai kama ba. Wani farfesa mai furfura ya cire tabarau ya dube ni, ya ce in dawo baɗi. Tun daga ranar na zama kamar maye a kan ƙirjin mutane. Mai gadi, mai shara, mai kai ni kasuwa a kabu-kabu, duk wanda ya tsaya kusa da ni sai na nemi in ɗora masa abin sauraren zuciya. Matata ta ce wallahi in na ƙara dosarta da shi za ta jefa shi a randa.

Mu uku ne muke shirin jarrabawar tare. Akwai wani abokina mutumin Ambursa, mai tsokanar tsiya, da wata likita ’yar wani ɗan kasuwa da ya zo daga kudu ya zauna a Birnin Kebbi tun kafin a haife ta. Hausarta ta fi ta wasunmu, har gaisuwar dattawa ta iya. Kullum bayan la’asar mukan kulle kanmu a wani ɗan ɗaki kusa da ɗakin tiyata, mai gado ɗaya da fanka mai kuka, ɗaya ya zama farfesa ya yi ta ƙure sauran da tambayoyi.

A ɗakin nan aka zo aka ce mini ina da baƙo. Na fito a fusace don an katse ni, sai ga Baba a kan benci, da farar rigarsa ta zuwa Juma’a da hula, ya ajiye ƙullin bandar kifi a gefe.

Ni ne ɗan farinsa. Wanda ya tashi a gidajenmu ya san abin da wannan ke nufi: bai taɓa kiran sunana ba, ba ma cin abinci kwano ɗaya, magana tsakaninmu ba ta wuce gaisuwa da abin da ya zama dole. In yana da saƙo, ta bakin Inna yake bi. Gidana da ke unguwar Gesse sau ɗaya ya taɓa takawa, ranar sunan ’yata, shi ma bai wuce ƙofar gida ba. To mutumin nan ne ya baro fadama ana tsakiyar dashen shinkafa, lokacin da manomi ko biki ba ya zuwa, ya shiga mota ya zo ya same ni, kuma ba a gida ba, a asibiti. Ruwa ba ya tsami banza. Ko yaron goye ya isa ya gane akwai magana, ni da nake taƙamar na haddace littafi guda ban gane ba.

Na durƙusa na gaishe shi. Na ce, “Baba, lafiya dai?”

Ya ce, “Lahiya lau. Na biyo ta nan ne.”

Ya cire hularsa yana murza bakinta, ya mayar. Ya buɗe baki kamar zai ƙara wani abu, sai na lura numfashinsa na sama-sama, ga shi ’yan matakala uku kawai ya hau. Nan take ƙwaƙwalwata ta koma jarrabawa. Na kama hannunsa na ji bugun jijiya, na ji yana tasowa a hankali, ba ƙarfi. Gabana ya faɗi, amma wallahi ba faɗuwar gaba ta ɗa ba ce, ta ɗan makaranta ce da ya hango tambayar da ya karanta.

Na ce, “Baba, shigo daga ciki in duba ka.”

Ya tashi da saurinsa. Yanzu na san dalili: ya ɗauka na gane abin da ya kawo shi, na hutar da shi faɗa.

Da muka shiga, abokan karatuna suka tashi suka gaishe shi, likitar nan har ƙasa. Suka nufi ƙofa don su ba mu wuri. Ni da bakina na ce su tsaya. Na ce Baba ya cire riga. Ya dubi mutumin Ambursa, ya dubi likitar, ya dube ni. Na ce, “Ba komai, Baba, duk likitoci ne.” Ya cire babbar rigar, ya cire ta ciki, ya naɗe su a cinyarsa. Tun da nake ban taɓa ganin ƙirjin mahaifina ba sai ranar. Ko a bakin kogi, in zai shiga ruwa, nesa da mu yake zuwa.

Na ɗora abin sauraren. Kai, jama’a! Ƙarar da na yi shekara ina farauta, ga ta ɓaro-ɓaro, mai kaushi, tana hawa har wuya. Alama ce ta cewa ƙofar da jini ke fita daga zuciya ta tsuke. Irin wadda ta kayar da ni ce. Ban san sanda na yi murmushi ba. Na juya na ce wa mutumin Ambursa da Turanci ya zo ya ji abin da ba zai ƙara samun irinsa ba. Ya saurara, ya ɗago yana kaɗa kai yana cewa tirƙashi. Likitar ta noƙe, ta ce mini a hankali, da Hausa don in ji da kyau, “Mahaifinka ne fa.” Na ce mata saura wata guda, in ta ga dama ta tsaya kunya ta faɗi. Ta zo ta ce, “Baba, ka yi haƙuri,” ta saurara a gurguje ta koma gefe.

Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Sai da na leƙa waje na kira wasu likitoci biyu da ke wucewa. Mu biyar a kan dattijo ɗaya. Wannan ya ce ya zauna, wancan ya ce ya sunkuya, wani ya ce ya riƙe numfashi, wani ya ce ya buɗe baki ya fito da harshe, muka leƙa maƙogwaronsa kamar masu sayen rago. Daga nan mutumin Ambursa ya zama farfesa, ni kuma na tsaya ƙiƙam na yi bayani da Turanci tiryan-tiryan, ina kiran Baba “wannan dattijo manomi”. Na faɗi abin da ke damun zuciyar, na faɗi cewa irin wannan mutum in aka yi masa allurar kashin baya, wadda ke kashe rabin jiki, jininsa zai faɗi warwas, zuciyar kuma ba ta da hanyar da za ta turo ƙari, sai a rasa shi a kan gado. Ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Suka tafa mini. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, na ji daɗi ƙwarai.

Duk wannan, kalma ɗaya ban faɗa wa Baba da Hausa ba.

Muna cikin gardamar wane magani ya fi, likitar ce ta ɗauki rigarsa ta miƙa masa. Ya sa, ya gyara hula, ya ce, “To, ni zan koma kar mota ta ƙare.” Na raka shi bakin ƙofar asibiti ina ce masa akwai hoton zuciya da nake so a yi masa, amma sai na dawo daga jarrabawa. Ya ce, “Allah shi ba da sa’a.” Na tsayar masa da keke mai ƙafa uku, ya hau, bai waiwayo ba. Na koma ɗaki muka ci gaba da karatu, har na raba musu kifin.

Washegari likitar ta tare ni a baranda ta ce, “Ka tambaye shi abin da ya kawo shi kuwa?” Na ce ai ya ce biyowa ya yi. Ta yi mini wani kallo, ta ce, “Daga Argungu? Ana dashe?” Na ji haushi, na ce ta bar ni da ubana, na fi ta saninsa. A raina na ce zan kira gida da yamma. Yamma ta yi na ce gobe. Haka na yi ta gobe-gobe har mako uku, ina karanta ciwon zuciyarsa a littafi kullum, shi kuwa ko gaisuwa ban aika masa ba.

Saura kwana biyar mu tafi jarrabawar, ina shan koko da safe, Inna ta kira ni. Ita ma ba ta kiran sunana, kuma ba ta cika kirana a waya ba sai ta sa ƙannena.

Ta ce, “Kai, ya ce kar a hwaɗa maka, amma ni hankalina bai kwanta ba. Yau za a yi mai aiki nan asibitin gari.”

Na ce, “Aikin me, Inna?”

Ta rage murya, irin yadda mace ke yi in za ta faɗi abin da bai kamata ɗa ya ji daga bakinta ba. Ta ce, “Gwaiwa ce. Ta yi shekara biyu. Bana ko duƙawa ba ya iyawa. Ni na matsa mai ya tahi wurinka, kwana uku ina lallashi. Ya dawo ya ce bai samu wurin magana ba, mutane sun yi yawa.”

Na ajiye kofin. Aikin gwaiwa a irin asibitin nan da allurar kashin baya ake yinsa, na sani don na taɓa aiki a can. Allurar da na tsaya gaban mutum huɗu na ce za ta iya kashe shi, aka tafa mini. Na ce, “Inna, kar ki bari a shiga da shi, ko za ki kwanta a bakin ƙofa ne.” Ta ce, “Ni na isa?”

Na kira nas ɗin da ke sa barci a can, wani dattijo da na yi aiki tare da shi, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na san ya shiga ɗakin tiyata da marar lafiyar farko. Na fito da silifas na shiga mota. Hanyar Argungu na bi ta ba adadi, amma ban taɓa jin tsawonta ba sai ranar. Na wuce Ambursa, fadama kore shar hagu da dama, mutane sun duƙa cikin ruwa, ni kuwa ina ta danna waya da hannu ɗaya ina salati. Wata motar shanu ta tare hanya, na yi ta zuba mata ham ina zagin direban da bai yi mini komai ba. Kaina nake zagi.

Na isa ana fitowa da na farko. Baba ne na biyu. Na ja nas ɗin gefe na faɗa masa abin da na ji a ƙirjin. Ya riƙe baki. Ya ce jiya ya nemi ya saurari ƙirjin, Baba ya riƙe rigarsa gam ya ce ba zai ƙara tuɓewa ba, an riga an duba. Wai likitoci biyar suka saurare shi a Birnin Kebbi, har da ɗansa, suna ta murna suna tafi, ai da akwai ciwo da ba su yi murna ba. Nas ɗin ya ce ya yi niyyar ya sake gwadawa in an kwantar da shi, amma wa ya san ko zai ji cikin hayaniyar ɗakin. Sannan ya dube ni ya ce, “Likita, ashe ba ka hwaɗa mai ba?”

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige.

Na tarar da Baba zaune a bakin gado a ɗakin maza, an sa masa rigar asibiti amma ya yafa babbar rigarsa a kai. Inna na tsaye daga bakin taga ta waje. Da ya gan ni bai yi mamaki ba, ya dubi wajen tagar kawai. Na durƙusa a kan siminti. Na gaishe shi ya amsa. Sai na tarar ban san yadda ake faɗin abin da Hausa ba. Ni da na zuba shi da Turanci ba gargada, harshena ya ɗaure a yaren da aka haife ni cikinsa. Na yi ta in’ina, daga ƙarshe na ce, “Baba, ka san injin ban ruwa in laka ta toshe bakin tiyo, injin na ta ƙugi amma ruwa kaɗan ke fita? Haka zuciyarka take. Allurar da za a yi maka yau za ta iya tsayar da ita. Dole a fasa. A yi hoto tukuna, a yi aikin a Birnin Kebbi inda akwai kayan tsaron zuciya.”

Ya saurara har na gama. Ya ce, “Tun ranar ga ka san haka?”

Na ce, “E, Baba.”

“Shi kunka yi wa tafi?”

Na sunkuyar da kai. Na ce, “Na yi kuskure. Ka yafe mini.” Hawaye suka zubo mini, ga marasa lafiya a gadaje suna kallo, ban damu ba. Na so ya yi faɗa, ya zage ni, ko ya ɗaga hannu, da na samu sauƙi. Baba ba ya faɗa. Ya daɗe yana kallon yatsun ƙafarsa da ruwan fadama ya cinye.

Ya ce, “In na tahi can, mutum nawa za ka kira su kalle ni wannan karon? Don wanga ciwon ba a ƙirji yake ba.”

Na ce ba kowa. Na rantse. Na ce ni da kaina zan tsaya a kan komai.

Ya ce, “A’a. Kai ka tsaya waje da ’yan’uwanka. Ka haɗa ni da yarinyar ga da ta miƙo min riga.”

Haka aka yi. Na tafi na zauna jarrabawar, na ci, na dawo aka yi masa hoto, likitar nan da babban malaminmu suka sa shi barci ta hanyar da zuciyarsa za ta ɗauka, aka yi aikin ya tashi lafiya. Ni ina kan benci a waje tsakanin ƙannena, da sabuwar takardata a gida, ina jiran a fito a ba mu labari kamar kowa. Da likitar ta fito na taso da sauri ina tambayarta yadda jinin ya yi, da wane magani suka yi amfani. Ta ce, “Yana lafiya. Sauran kuma ya roƙe ni kar in faɗa maka.”

Baba ya ce ya yafe mini, kuma na yarda ya yafe, don ba ya faɗin abin da ba ya nufi. Yanzu duk wata uku yana zuwa Birnin Kebbi a duba masa zuciya. Ƙanena ke kawo shi, su wuce ta gaban ofishina su hau sama, su gama su koma Argungu. Sai da yamma Inna za ta sa a kira ni, ta ce, “Yau ya zo garinku, an ce da sauƙi.”